Rumbu da Akushi: Nawa Ya Kamata a Tara Daga Waƙoƙin Babban Makaɗi?

Gabatarwa

Akwai wata tambaya da take yawan tasowa tsakanin ma'abota sauraron waƙoƙin gargajiya, wadda a baki ƙarama ce, amma idan aka zauna da ita sai a tarar ta taɓa ilimi da tarihi da amana gaba ɗaya. Tambayar ita ce: idan makaɗi ya shahara, ya shafe shekara hamsin ko fiye yana waƙa, sannan Allah ya yi masa cikawa, nawa ne daga cikin abin da ya bari ya cancanci a tara? Shin duk abin da ya fito daga bakinsa za a kwashe, ko kuwa waɗanda suka yi fice za a tsince, a bar sauran su bi iska?

Wannan tambaya ta fi nauyi a wurin Bahaushen da yake zaune a Kurmi. Tun da hanyar jirgin ƙasa ta haɗa Ikko da Kano a 1912, Hausawa suka ƙara yawa a Agege da Ijora da Idi-Araba da Obalende. Wasu fataucin goro ya kawo su, wasu shanu, wasu kuma daga baya tuƙin manyan motoci. Ga mutumin da ya yi nisa da gida, waƙa guzuri ce. A zamanin kaset, da wuya a leƙa motar direban tanka ko tirela da yake kwana a Ijora yana jiran lodi daga Apapa a rasa kaset ɗin Shata ko na Ɗanƙwairo. Kaset goma ko ashirin ne, amma ya san su ciki da bai. Yau kuwa yaro zai je wurin masu tura waƙa a waya, ya ba da 'yan kuɗi kaɗan, a cika masa memori da ɗaruruwan waƙoƙi cikin 'yan mintoci. Da tarawa ta yi arha haka, sai ya zama dole a tambayi amfaninta. Za a yi amfani da Alhaji Mamman Shata a matsayin zakaran gwajin dafi, domin a cikin makaɗan Hausa babu wanda matsalar yawa ta fi fitowa fili a kansa kamar shi.

Shata da Yawan Waƙa

An haifi Shata a Musawa a 1923, ya rasu a Kano ranar 18 ga Yuni, 1999, aka yi masa sutura a Daura. Tsakanin ƙuruciyarsa da rasuwarsa, ya yi wa sarakuna waƙa, ya yi wa attajirai da direbobi da 'yan siyasa da mata da garuruwan da ya ziyarta, har kumbon Apollo 11 da ya kai mutum duniyar wata a 1969 bai tsira daga bakinsa ba. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Kafin nan, a 1975, Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a kansa a Jami'ar Indiyana ta Amurka, sannan a 2006 Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar da tarihinsa mai suna Shata Ikon Allah. Kamfanin EMI, wanda a wancan lokaci yake da mazauni a nan Ikko, ya buga fayafayansa, gidajen rediyo suka ɗauke shi, masu biki suka kafa masa rikoda.

Shata bai rubuta waƙa ba, bai kuma riƙe lissafinta ba. Da dubbai ake ambaton waƙoƙinsa. Bugu da ƙari, waƙar baka ba ta tsayawa wuri guda kamar rubutacciya. Bakandamiyar da ya rera a wannan dandali ba ita ce daidai wadda ya rera a wancan ba: gindin waƙar yana nan, kiɗan kalangu yana nan, amma 'ya'yan waƙar sukan ƙaru ko su ragu, wani ya shigo, wani ya fita, gwargwadon waɗanda suke zaune da abin da ya faru a ranar. Ke nan, wanda ya ce zai tara "duka" sai ya fara faɗa mana abin da yake nufi: kowace waƙa sau ɗaya, ko kuwa kowace rerawa ta kowace waƙa? Idan na biyun ne, to mafi yawan Shata ya riga ya tafi tare da daren da aka yi wasan, domin ba kowane taro aka kai rikoda ba.

Hujjar Masu Cewa a Tsince

Masu ra'ayin tsinta suna da hujja mai ƙarfi, kuma bai kamata a raina ta ba. Suna cewa makaɗi sana'a yake yi, sana'a kuwa tana da ranar sa'a da ranar neman abin cefane. Akwai waƙar da aka ƙulla ta da natsuwa, aka tace ta shekara da shekaru, akwai kuma wadda aka yi nan take domin wani ya miƙa kyauta a tsakiyar taro, aka ɗora sunansa a kan kiɗan da aka riga aka yi wa wani. Idan aka zuba su duka a mazubi ɗaya, in ji su, an zalunci makaɗin, domin yaron da ya fara cin karo da raunanan guda goma a jere zai ɗauka iyakar Shata ke nan, ya juya baya.

Suna kuma kawo hujjar lokaci. Turawa ma sun sha fama da wannan matsala a kan manyan makaɗansu. Mozart, mutumin Ostiriya, shekara 35 kacal ya yi a duniya, amma jerin ayyukansa da Ludwig von Köchel ya tsara a 1862 ya kai lamba 626. Da aka cika shekara 200 da rasuwarsa a 1991, kamfanin Philips ya fitar da ayyukan nasa a faifan CD har 180. Wanda ya ɗauki faifai ɗaya kowace rana, sai ya yi wata shida kafin ya ji kowanne sau ɗaya tak. Waƙa kuwa ba a saninta da ji ɗaya. Mutum nawa ne suka sayi wannan tari suka jera a kanta, suka mutu ba su buɗe rabinsa ba? A nan masu tsinta sukan ce tarawa ta zama kwaɗayin mallaka, irin na mai tara littattafan da ba ya karantawa, wanda jin daɗinsa yana ga a ce yana da su.

Hujjarsu ta uku ita ce, tsinta kanta fasaha ce. Larabawa sun daɗe da sanin haka, shi ya sa suka girmama Abu Tammam saboda waƙoƙin wasu da ya zaɓo ya tara a Hamasa, har wasu masana suka fifita gwanintarsa ta zaɓe a kan gwanintarsa ta waƙa. Wanda ya iya fitar da waƙa talatin daga cikin dubu, ya ce ga zuciyar makaɗin nan, ya yi wa jama'a aikin da mai kwasar kara da kiyashi bai yi ba.

Hujjar Masu Cewa a Kwashe Duka

Sai dai kuma akwai tambayar da masu tsinta ba su cika son a yi musu ba: wa zai yi tsintar, kuma da kunnen wane zamani? Abin da wannan zamani ya raina, wani zamani yakan ɗauka. Misalin Johann Sebastian Bach na Jamus ya isa darasi. Shi ma, kamar Shata, ɗan sana'a ne mai aiki bisa buƙata. A shekarunsa na farko a birnin Leipzig, kusan kowace Lahadi sai ya kawo wa coci sabuwar waƙa, kuma yakan ɗauko tsohon kiɗansa ya ɗora masa sababbin kalmomi. Da ya rasu a 1750, mutane da yawa suna ganin salonsa ya tsufa. Aka raba takardunsa tsakanin magada, wasu suka warwatse. Waƙoƙin cocin nan kimanin 200 ne suka tsira, masana kuwa suna ganin adadi mai yawa ya salwanta. Sai a 1829 Felix Mendelssohn ya sake gabatar da ɗaya daga cikin manyan ayyukansa a Balin, idon jama'a ya buɗe. Aka kafa ƙungiya a 1850 domin buga duk abin da ya rage, aikin da ya ci shekara hamsin. Da an bar wa mutanen zamaninsa hukunci su tsince su zubar da saura, da duniya ta yi asarar da ba ta san ta yi ba.

To, Bach ma rubutu ya bari, takarda kuwa tana iya kwana a akwati shekara ɗari ta jira mai nemanta. Makaɗin baka ba shi da wannan gata. Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu, ya rasu a farkon shekarun 1960, kuma abin da na'ura ta kama na muryarsa kaɗan ne ƙwarai idan aka auna da shekarun da ya yi yana waƙa. Yau babu manazarcin da zai ce a zubar da ko da ɗa guda na waƙar Narambaɗa saboda rauni. Da za a tono wani tsohon faifai nasa a wani gida, da an yi murna kamar an tsinci dami a kala. Abin da ya sa muke ganin Shata ya yi yawa shi ne kusancinmu da shi. Jikokinmu ba za su ga yawan ba.

Haka kuma, waƙa ba daɗin kunne kaɗai take ɗauke da shi ba. Waƙar da aka yi wa wani direba ko wani dillalin goro, wadda manazarcin salo zai ce ba ta taka kara ta karya ba, tana iya zama ita kaɗai ce shaidar da ta rage cewa mutumin ya taɓa rayuwa, ya yi arziki, ya yi kyauta. A cikinta akwai sunan ubangidansa da garinsu da hanyar da yake bi da irin motar da yake ja. Tarihin Hausawan Kurmi, wanda kaɗan ne daga cikinsa ya shiga littafi, yana warwatse a cikin irin waɗannan waƙoƙi da makaɗan Arewa suka yi a bukukuwan Agege da sauran zangogi. Mai nazarin harshe ma yana da rabonsa, domin a nan zai ji karin harshen Katsina da na Sakkwato na shekarun baya, da kalmomin da suka fara ɓacewa daga bakin matasa. Ga jikan wancan direba kuwa, wannan waƙa "mai rauni" ta fi masa Bakandamiya.

Rumbu Daban, Akushi Daban

Idan aka duba da kyau, za a ga ɓangarorin nan biyu ba tambaya ɗaya suke amsawa ba. Manomi yakan zuba duk abin da ya noma a rumbu, da mai kyau da tsaka-tsaki, domin bai san irin shekarar da za ta zo ba. Amma idan an zo cin tuwo, ba ya jawo rumbu gabansa. Abin da akushi zai ɗauka ake zuba masa. Masu cewa a kwashe duka maganar rumbu suke yi, kuma sun yi gaskiya. Masu cewa a tsince maganar akushi suke yi, su ma sun yi gaskiya. Rumbu haƙƙin al'umma ne, watau jami'o'i da gidajen rediyo da cibiyoyin adana kayan tarihi. Akushi kuwa na mai sauraro ne shi kaɗai.

Abin damuwa shi ne yadda muka juya al'amarin. Ɗaiɗaikun mutane sun cika wayoyinsu da abin da ba za su taɓa saurara ba, alhali babban aikin, na tattara komai wuri guda bisa tsari, yana nan yana jiran masu yi. Gidan Rediyon Kaduna, wanda ya fara aiki a 1962, ya ɗauki muryoyin makaɗa masu ɗimbin yawa, haka ma cibiyoyin nazarin harshe da al'ada na jami'o'in Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo sun yi nasu ƙoƙari, masana irin su Sa'idu Muhammad Gusau sun rubuce waƙoƙi da tarihin masu su. Amma kaso mai yawa yana hannun jama'a, a cikin kwalaye da ƙarƙashin gado. Zaren kaset kuwa ba ya jira. Danshin Ikko yakan sa ya yi fumfuna ya manne, zafin Arewa ya busar da shi. A 2019 hukumar UNESCO da ƙungiyar masu adana murya da hoto ta duniya sun yi gargaɗi cewa na'urorin da ake juya irin wannan zare da su suna ƙarewa, kayan gyaransu ma an daina ƙerawa. Duk dattijon da ya rasu a Agege ko Ijora aka share ɗakinsa aka zubar da kwalin kaset, wataƙila an zubar da rerawar da babu irinta a ko'ina.

Sannan tarin da yake cikin wayoyi bai cika sunan rumbu ba, domin yawancinsa babu bayani. Za a ga an rubuta "Shata 47" ko "tsohuwar waƙa", babu sunan wanda aka yi wa, babu wuri, babu shekara, wani lokaci ma an yanke farkonta ko an laƙaba wa wani makaɗin waƙar da ba tasa ba. A nan ya kamata mu yi koyi da Abul Faraj al-Asfahani, wanda ya rasu a 967. Littafinsa, Kitabul Agani, ya ginu ne a kan waƙoƙi ɗari da manyan mawaƙan Bagadaza suka zaɓar wa Halifa Haruna Rashid. Sautin waɗannan waƙoƙi ya ɓace, domin babu na'ura a lokacin. Amma da yake Abul Faraj ya bi kowace waƙa ya faɗi wanda ya tsara ta da wanda ya rera ta da wanda aka yi wa da dalilin yin ta, sai littafin ya zama taskar tarihin Larabawa mai juzu'i ashirin da wani abu, ana amfani da shi fiye da shekara dubu. Shi ya rasa sauti ya tsirar da bayani. Mu muna da sautin, bayanin ne yake zubewa daga hannunmu, domin waɗanda suka halarci wasannin, suka san wane ne wane a cikin waƙa, suna ta ƙarewa.

Abin da Ake Adanawa Ba a Yaɗawa

Akwai wani ɓangare na tambayar da ya shafi amana kai tsaye. Makaɗan Hausa ba yabo kaɗai suka yi ba. Sun yi zambo, sun yi habaici, wani lokaci da suna ƙarara. Wanda aka yi wa zambon ya rasu, makaɗin ya rasu, rigimar da ta haddasa waƙar ta mutu, amma 'ya'ya da jikoki suna raye, suna da mutunci a unguwanninsu. Akwai kuma waƙoƙin da aka yi a wuraren shaƙatawa, da kalmomin da makaɗin kansa ba zai so a sa su a gaban surukansa ba, da waɗanda mai su ya yi nadamarsu a ƙarshen rayuwa. Shin "duka" ta haɗa da waɗannan?

A ganina ta haɗa, amma da sharaɗi. Goge su daga rumbu ƙarya ce ga tarihi, domin zai nuna mana makaɗin da ba a taɓa yi ba, mai baki ɗaya, wanda bai taɓa fushi ba. Wanda bai san zambon Shata ba, bai san dalilin da ya sa manya suke shakkar bakinsa ba, kuma bai fahimci nauyin yabonsa ba. Amma adanawa daban, yaɗawa daban. Manazarci ya je cibiya ya saurara, ya yi nazarin salo da tarihi, wannan ilimi ne. A ɗauki waƙar a watsa ta a WhatsApp da sunan gidan mutane domin a yi dariya, wannan sabunta cuta ne a kan waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Mai tara waƙa ma'aji ne, ma'aji kuwa ba duk abin da aka ba shi yake shanyawa a kasuwa ba.

Haƙƙin magada ma yana nan. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta ba mai waƙa kariya har shekara 70 bayan rasuwarsa, ke nan waƙoƙin Shata suna da masu su har zuwa 2069. Mai tarawa domin ilimi ya nemi yardar iyali, mai tarawa domin ciniki ya biya. Makaɗan nan sun bar iyali, haka ma makaɗan kalangu da 'yan amshin da suka raya waƙoƙin, waɗanda sau da yawa ko sunansu ba a ambata.

Kammalawa

Amsar tambayar, ke nan, ta danganta da mai yin ta. Idan al'umma ce take tambaya, amsar ita ce duka: kowace waƙa, kowace rerawa da aka samu, mai ƙarfi da mai rauni, ta Shata da ta Ɗanƙwairo da ta Ɗan Anace da ta Ɗanmaraya Jos da ta Barmani Choge, tare da bayanin kowace. Idan kuwa mai sauraro ne, amsar ita ce gwargwadon abin da zai iya sani. Sanin waƙa shi ne mutum ya riƙe gindinta, ya san wanda aka yi wa da dalili, ya gane inda makaɗin ya yi gwaninta da inda ya yi ƙurari. Waƙa ashirin ko talatin da aka zaɓo daga turaku daban-daban, na sarauta da na sana'a da na gargaɗi da na zambo, daga ƙuruciyar makaɗin zuwa tsufansa, za su sanar da mutum Shata fiye da dubun da ke kwance a memori.

Ga ɗalibanmu na Hausa da suke zaune a Ikko kuwa, akwai aikin da ya fi kusa da su fiye da kowa. Tsofaffin masu sayar da kaset suna nan, dattawan da suka halarci wasannin makaɗan nan a Agege da Ijora wasunsu suna raye. A je a gaishe su, a nemi aron abin da suka ajiye, a juye shi a kwamfuta, a mayar musu da kayansu. Sannan a zauna a tambaye su: wa aka yi wa wannan waƙa, a gidan wa, a wace shekara, su wa suka yi kiɗa? A rubuta amsar a haɗa da waƙar, a kai kwafi sashe. Ɗalibi guda da ya yi wa waƙa goma wannan hidima ya fi amfanar Hausa a kan wanda ya tara dubu bai san sunan ko ɗaya ba.